Ango Ba Ya Kuka a Gaban Likita

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zafin ɗakin injin nan naku? Ciwon ƙugun ya sake ka kuwa, ko har yanzu kana yi masa taurin kai? A ofishinku sun ce duk takardar da na kai musu za su tura maka ita tashar da jirgin ruwanku zai tsaya. Shi ya sa na nemi biro na zauna, don saƙon da suka ba ka, wai an haihu, namiji, an yi masa tiyata, wannan ai ba labari ba ne, tayar da hankali ne kawai.

Ga yadda abin yake. Ranar da aka haife shi nas ta ga yawu yana ta yi masa kumfa a baki, a share ya dawo, a share ya dawo. Suka zura masa 'yar siririyar roba ta hanci don ta kai ciki, ta je ƙirji ta cije. Ashe hanyar abincinsa ba ta haɗu ba. Ɓangaren sama ya tsaya a hanya kamar aljihun riga, na ƙasa kuma ya je ya manne a jikin hanyar numfashi. Likitan tiyata, wani dogo mai gilashi da ban taɓa ganinsa a zaune ba, shi ya raba su ya ɗinke hanyar abincin wuri guda. Dogo muke ce masa a ɗakin nan. Aikinsa ya yi kyau, wannan ba na ja. Yanzu an fitar da mu daga ɗakin kwalba, muna wani ɗaki mai gado huɗu, namu na jikin tagar da ke kallon inda ake shanya zannuwan asibiti. An cire robar hancin, ya fara kama nono.

Innarmu tana tare da ni tun ranar farko. Ta bar Baba da gida, ta ce ita ta yi sabon miji. Ango take kiransa, har nas-nas sun ɗauka. Ka san hannun Inna. Yaro ya fara yamutsa fuska kawai, kafin ya buɗe baki ta sure shi, ta kifa shi a ƙirjinta, tana bubbuga bayansa tana 'yar waƙarta ta cikin hanci, sai ka ga ya yi laƙwas. Matar gadon kusa da mu har aronta take yi.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Yaron nan yana wani irin tari da ban taɓa ji a bakin jariri ba. Busasshe ne mai amo, kamar haushin ɗan kwikwiyo. In yana fitar da numfashi kuma sai ka ji wani gurgur a ciki. Yayarsa 'Yar Baba ba ta yi wannan ba, kai ma shaida ne.

Shekaranjiya da rana ina ba shi nono, Inna ta fita wanke kwanuka, sai ya ƙware. Ya yi tarin nan, ya fara kuka, kukan ya yanke a tsakiya. Baki a buɗe, ƙirji na ta ƙoƙari, amma ba iskar da ke fita. Ina kallo leɓɓansa suka koma launin toka, ya saki jiki a hannuna. Na kurma ihu. Inna ta riga nas isowa, ta fizge shi ta kifa a ƙirji, ya ja wani dogon numfashi ya dawo. Lokacin da nas ta shigo da na'urar awon iska launinsa ya daidaita, lambobi sun yi kyau. Ta ce in riƙa sassauta masa nonon, wai yawa yake yi masa.

Da safe na gaya wa Dogo. Ya sa abin saurare a ƙirjin Ango, wanda ke barcinsa hankali kwance, ya ce ƙirji fes. Ya ce yaran da aka yi wa irin wannan aiki sukan yi tarin nan, kuma tun ranar tiyata sun zura kyamara sun leƙa hanyar numfashinsa, a buɗe take lafiya lau. Kafin in haɗa magana ta biyu ya kai gado na gaba, ɗalibansa na biye da shi.

Na san abin da za ka ce, Sarkin Mita ta fara. To na fara ɗin. 'Yar Baba tana wurin yayarka, lafiyarta ƙalau. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka an ƙwace maka fada. Ka kula da kanka.

Taka har kullum,
Sarkin Mita

* * *

Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Takardarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen naɗi. Na ji daɗi da ƙugun ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Amma layin nan da ka rubuta, wai in kwantar da hankalina tunda likitoci sun sa kyamara sun gani da idonsu, da kana kusa da sai ka maimaita min shi ina kallon fuskarka. Ni da me na gani? Da gwiwar hannu?

Abin ya sake faruwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum hanyarsa ɗaya, ko yana tsakiyar shan nono, ko kuka ya yi ƙarfi kafin Inna ta kai gare shi. Kuma kamar an haɗa baki da shi, ba ya yi sai babu mai farar riga a kusa. Ɗakin nas-nas yana can ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar magani. Kafin in danna ƙararrawa su ajiye abin da ke hannunsu su taho, Ango ya dawo yana wutsil-wutsil da ƙafa kamar ba shi ba. Sun taɓa ɗaura masa 'yar na'urar awon iskar a ƙafa. Ya shure ta yi ƙara, ya yi miƙa ta yi ƙara, har da na gasken ya zo ta yi ƙara, nas ta ce ai motsi ne, ta cire ta.

Ba zan ce ba su yi komai ba. Sun kai shi ɗakin hoto, suka ba shi wani farin ruwa ya haɗiya suna kallo a allo, ko ɗinkin ya tsuke ko yana yoyo. Ruwa ya wuce sumul. Suka ce to ƙila nono ne ke dawowa daga ciki yana shaƙe shi, suka rubuta magani, muna ba shi. Aka turo wata yarinya, wallahi ba ta kai autarku ba, da 'yar tsana a hannu, ta koya min yadda ake riƙe jariri a ba shi nono. Ni da na shayar da 'Yar Baba har ta yi haƙora ta cije ni! Na zauna na rungumi 'yar tsanar, na ce na gode.

Matar gadon kusa ta ba ni shawara in ɗauki bidiyo da waya in nuna musu. Shawara mai kyau, sai dai ba ta gaya min da wane hannu ba. Da ya fara tarin na danna, da ya yi shiru na jefar da wayar. Abin da na nuna wa Dogo shi ne fankar sama tana juyawa, da muryata ina salati, da gefen takalmin Inna. Ya kalla har ƙarshe, wannan na ba shi, sannan ya miƙo min wayar ya tambaye ni ko ina samun barci.

Ka ga inda aka dosa ko? Washegari sai ga wata mata mai laushin murya ta ja kujera kusa da ni, tana tambayata ko nakan yi kuka ba dalili, ko nakan ji kamar wani abu zai samu yaron. Na ce mata ƙwarai nakan ji, domin wani abu yana samunsa. Tun daga ranar, in na danna ƙararrawa tafiyar nas-nas ta ƙara sanyi.

Yanzu maganar sallama ake yi. Wai nauyinsa ya ƙaru, ɗinki ya warke, ana bukatar gadon. Maigida, ka tuna inda gidanmu yake. Ka tuna benen, ka tuna gadar nan da motoci ke cushewa a kanta tun safe har yamma. A nan, in ya ɗauke, akwai bututun iska a bango saitin kansa. A gida me ke jikin bangon? Kalanda.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, kuma haushin da nake ji ya fi tsoron yawa. Ka gaishe da abokan aikinka. Ka daina ɗaga abu mai nauyi.

Matarka,
wadda ba ta haukace ba tukuna

* * *

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Gaisuwar yau gajeriya ce, ka yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Ƙaninka ya zo jiya da fara'arsa, ya ce ka aiko masa saƙo ya zo ranar Alhamis da mota ya kwashe mu, tunda asibiti sun sa ranar sallama. Har ya haɗa gadon jariri a ɗakinmu. Shi ban ce masa komai ba, aike ya cika. Kai nake tambaya. Ka samu hanyar aika saƙo a kan mota, ba ka samu ta tambayata ko na yarda ba? Ka ce iskar gida za ta yi mana kyau ni da yaron. Iskar gida ba ta da laifi, shigarta da fitarta ne ba su da tabbas.

Inna ma ta koma bayanku. Ta ce ta raini nata ta raini na mutane, kowane jariri da irin shiɗewarsa, in ya yi wayo zai bari. Ƙafafunta sun kumbura da zaman kujerar roba, Baba kuma yana can yana cin abin da ya samu. Ban ga laifinta ba.

Amma yau da safe Dogo ya zo zagaye, ya tsaya a kan Ango, ya gaya wa ɗalibansa cewa duk ɗakin nan babu yaro mai haƙurin wannan, shi tunda aka fito da shi daga kwalba bai taɓa jin muryarsa ba. Inna ta washe baki har da gyara ɗankwali. Ni kuwa a nan na gane inda matsalar take.

To ta yaya zai ji? Ka san abin da muke yi kullum da safe? Da Inna ta jiyo ƙarar keken fayil-fayil daga ɗakin farko, sai ta miƙe. A goge Ango, a canza masa kaya, in ba shi nono tun da sauran lokaci, sannan ta kifa shi a ƙirji ta yi ta jijjiga har barci ya yi nisa. Sai sun kawo bakin ƙofa take shimfiɗe shi, ta gyara zanin gado, ta tura kwanuka ƙarƙashi da ƙafa. A wurinta abin kunya ne manyan mutane su shigo yaro yana tsala ihu kamar ba shi da masu kula. Baƙi take tarba, ni ma ina taya ta. Mun yi ta miƙa wa likita yaro mai barci, muna so ya gano ciwon da sai a farke yake zuwa.

Na gaya mata. Ta ce wato ita ce ta sa wa mijinta ciwo ke nan. Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce to so nake ta naɗe hannu jinjiri yana kuka don likita ya samu abin kallo? Ita ba a halicce ta da wannan zuciyar ba, kuma ba ta san inda na samo tawa ba. Tun daga nan ba ta yi min magana ba, sai dai ta yi wa Ango, da ƙarfi, don in ji.

Babbar nas, wadda ake ce wa Sista, ta jiyo mu. Ta ce akwai likitar numfashin yara da ke zuwa duk Laraba, in ina so za ta sa mu a layinta, ko don hankalina ya kwanta kafin Alhamis. Na ji yadda ta ja kalmar hankalin, amma na ce ta sa.

Kada ka sake aika wa kowa saƙo sai ka ji daga gare ni.

Matarka

* * *

Maigidana,

Bayan sallama, ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen jirgi. An ce kun sha iska mai ƙarfi a hanya, Allah ya tsare gaba.

Yau Laraba. Na jinkirta nonon safe, na ce sai likitar ta zo. Ango ya fara 'yan koke-koke, Inna ta miƙo hannu, na riga ta ɗauka. Na yi ta zagaye da shi a kafaɗa, kada ya yi barci, kada kuma ya ɓarke. Abin da Inna ta gaya min a lokacin ba zai shiga takarda ba. Matar gadon kusa dai jan labule ta yi.

Likitar ta iso da hantsi. Gajeriya ce, da kambas a ƙafa da jaka a baya kamar ɗaliba. Na shirya jawabi, amma ba ta bari na yi nisa ba, ta ce in kwatanta mata tarin. Na rasa yadda zan yi, sai kawai na yi mata shi da bakina, babbar mace da ni ina haushi a gaban jama'a. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya yaushe yake zuwa, na ce in yana sha ko yana kuka. Ta ce to a ba shi ta gani. Ta sa Sista ta kunna iskar bango, ta ɗaura masa na'ura a ƙafa ta riƙe ƙafar da hannunta don kada ya shure, ta aika a kira Dogo. Sannan ta dubi Inna ta ce, "Mama, don Allah komai kika gani kada ki taɓa shi. Ina nan, ba zan bari ya wuce inda zan iya dawo da shi ba."

Na sa shi a nono. Yunwa ta ci shi, ya kama da ƙarfi. Bai jima ba ya ƙware, tarin ya zo, kuka ya biyo. Na kwantar da shi rigingine kamar yadda ta ce, na janye hannuna. Maigida, na san naƙuda, amma ban taɓa yin aiki mai wuyar janye hannun nan ba. Inna ta yunƙura, na damƙe mata wuyan hannu, muka tsaya muna kokawa a shiru, tana ja ina ja, hawaye na zubo mata. Kukan ya yanke. Na'ura ta fara ƙara, lambobi suna gangarowa, leɓɓan suka yi toka. Ni kuma ina addu'a abin ya fito su gani, ina addu'a kada ya fito.

Likitar ta juya shi a kan gefensa, ta turo haɓarsa gaba, ta ɗora masa iska. Ya ja numfashi. Duka-duka ba a daɗe ba, amma da na saki hannun Inna shatin yatsuna yana nan a jikinsa.

Dogo ya cire gilashi. Abin da ya fara cewa shi ne, amma fa sun duba da kyamara. Ba gardama yake yi ba, da gaske kansa ya ɗaure. Ta tambaye shi a wane hali aka duba. Ya ce ranar tiyata, bayan an sa shi barci mai nauyi, inji na hura masa iska. Ta gyaɗa kai, ta juyo ta yi min bayani yadda zan gane. Hanyar numfashi bututu ce mai zobban guringuntsi da ke riƙe ta a buɗe. Yaran da aka haifa da irin matsalar Ango, sau da yawa wurin da hanyoyin biyu suka manne yakan yi laushi. In yaro yana kwance shiru ba a ganin komai. In ya yi yunƙurin fitar da iska da ƙarfi, wajen kuka ko tari, ko nono ya cika hanyar abincin da ke bayanta, sai bututun ya lotse ya haɗe, kamar tsinken shan lemo da aka zuƙa da ƙarfi. Injin hura iska kuwa buɗe shi yake yi daga ciki, shi ya sa kyamara ta ga hanya fetal. Kafin a san gaskiya sai an sake leƙawa da barci marar nauyi, yana numfashi da kansa, har a bar shi ya ɗan yi tari ana kallo.

An soke sallama. Za a sa kyamarar da zarar an samu ɗakin tiyata. Dogo ya tsaya bayan kowa ya watse, ya ce min da ya so ya ga wannan tun da wuri. Na ce ni ma haka. Ban ƙara ba, don in na ƙara ba zan tsaya ba.

Inna tana baranda tun ɗazu, ta ƙi shigowa. Na kai mata ruwa, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Taka,
Sarkin Mita

* * *

Maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da kewa, da fatan ƙugu lafiya, aiki lafiya. Ban samu amsarka ba, na san takarduna suna can suna jiranka a tasha, ga wannan ta bi su.

Ƙaninka ya zo ranar Alhamis kamar yadda ka umarce shi, don na manta ban kira shi ba. Ya shigo da makullin mota a hannu da sabon bargo. Na yi masa bayani, ya zauna muka ɗan jima, tunda ya riga ya ɗauki hutun aiki. Yana shirin tafiya Ango ya yi wanda ya fi duk na baya, ba nono ba komai, kuka kawai. Wannan karon juya shi a kan gefensa bai yi amfani ba. Sai da Sista ta danna jan maɓalli, mutane suka cika ɗakin da gudu, aka yi ta matsa masa iska da wata jakar roba kafin ya dawo. Ƙaninka na samu zaune a ƙasa a baranda. Da bakinsa ya buɗe sai ya duba agogo, ya ce da mun tashi yadda ya tsara, war haka muna tsakiyar gada. Shi zai ba ka labarin in kun haɗu, ƙila a bakinsa ya fi shiga.

Washegari suka sa kyamarar, ba su ƙara jira ba. Bayan an gama likitar ta kira ni wani ɗan ofis ta kunna min hoton. Na ga cikin ɗanka, Maigida. Wani rami ne ja-ja mai sheƙi, in ya ja iska ya buɗe ya yi zagaye. Da ya fitar sai bangon baya ya taso, ramin ya koma 'yar tsaga. Da ya yi tari sai ya rufe ruf. Ta tsayar da hoton a nan, ta ce ga shi. Ka san abin da na yi? Murmushi. Ni uwarsa, ana nuna min inda numfashin ɗana ke yankewa, na ji wani daɗi ya taso min har wuya, don yau ga shi a allo, ba a bakina ba. Sai da na fito na jingina da bango na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Har yanzu ban yafe wa kowa murmushin nan ba, har da kai.

Ta ce masu sauƙin irin wannan ana barinsu, guringuntsin yana ƙwari in sun girma. Nasa ba na jira ba ne. Za a sake buɗe ƙirjin a ɗaure wurin da zare don ya daina ruftawa, mako mai zuwa. Ta ce yawanci yana taimakawa sosai, amma ba ta yi min alkawari ba, ni ma ban nema ba. Na sa hannu.

Inna ce damuwata ta biyu. Tun ranar Laraba ba ta sake ɗaukarsa ba. Ko ya yi kuka sai ta cusa hannuwa cikin zani ta juya fuska ga taga. Ta ce hannunta ne ya ɓoye shi, saura kaɗan ta kai shi gida ya mutu a ƙirjinta tana yi masa waƙa. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Jiya likitar ta leƙo ta same mu a haka, na gaya mata. Ta tambayi Inna yadda take riƙe shi, Inna ta nuna mata da filo, kanta a sunkuye. Likitar ta ce kifawar nan tana sa hanyar ta ɗan buɗe, kuma hana shi kuka da take yi ya rage masa ɗaukewa ba kaɗan ba. A ci gaba da yi har ranar aiki, in dai mai riƙon idonta biyu, na'ura kuma tana ƙafarsa. Inna ta ce, "To wanne ne gaskiya, 'yar nan, ɓoye shi na yi ko riƙe shi na yi?" Likitar ta ce duka biyun. Ta ɗauki Ango da kanta ta ɗora mata. Yanzu haka yana can a ƙirjinta. Ba ta yin waƙar, amma tana bubbugawa.

Sai kai. Ba na son takarda mai cewa ashe na yi gaskiya, kada ka ɓata tawadarka. Na je ofishinku da ƙafata, na ce su sauke ka a tasha ta gaba su sa ka a jirgin sama, sun ce sai in kai ka nema. To ka nema. An buɗe ƙirjin yaron nan ba ka nan, ni na tsaya a bakin ƙofar da ɗanyen jego. Za a sake, kuma ba wanda ya san abin da ƙofar za ta mayar mana. Ba ka taɓa ɗaukarsa ba, ba ka san nauyinsa ba. Ka zo kafin ranar, ka ɗauke shi yana farke, ka ji tarin nan da kunnenka. Na gaji da kwatanta shi ga waɗanda ba su ji ba.

Matarka,
Uwar Ango